Kana bida a Abijan an kwashe ajiyarka a gida: ta ina ake fara neman kuɗin?

Duk shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, garuruwan Adar kan koma na mata da tsofaffi da yara. Daga Tamaske, Garhanga da Ibohaman a gundumar Keita, zuwa Karofan da Tabotaki a Buza, har Bangi da Sabon Gida a Madawa, motoci ke kwasar samari da magidanta zuwa bida: wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Kamaru, wasu kuma su keta sahara zuwa Libiya da Aljeriya. Ga kuma ƴan kasuwar albasa da ke bin kaya har Akara da Kumasi, su yi watanni ba su waiwayo gida ba. A da, mai bida yakan ɗaure abin da ya samu cikin lalita, ko ya ba direban da ya yarda da shi amana. Yau kuɗin suna kwance a asusun banki ko cikin talho, kuma ɓarawon da ke farautarsu ba ya bukatar tare hanya, ballantana ya fasa shago.

Tambayar da jama'a ke yawan yi, har a shirye-shiryen rediyo da ake buɗa layi ga masu saurare, ita ce: idan mutum yana waje aka kwashe masa ajiya, kuɗin suna dawowa kuwa? Sukan dawo, amma ba kullum ba. Abu biyu ke yanke hukunci: saurin da aka yi wajen sanar da banki, da kuma ƙofar da kuɗin suka bi suka fita. Matsalar ɗan bida ita ce duka biyun sukan zo masa a karkace, domin shi ne na ƙarshe da ke samun labari, kuma sau da yawa shi da kansa ya bar makulli a hannun wani kafin ya tafi.

Makullin shi ne layin talho

Mutane da yawa suna tsammanin kati ko littafin banki shi ne abin ɓoyewa. Gaskiyar magana, a zamanin nan layin talhon da ka ba banki ranar da ka buɗe asusu shi ne makullin. Ta nan ake turo maka saƙo in an taɓa kuɗinka, ta nan ake turo lambar sirri ta wucin gadi da ake tabbatar da biya da ita, kuma asusun Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash dungurungum a kan lambar yake zaune. Wanda ya mallaki layinka, a idon na'ura kai ne.

To ɗan bida yana isa Sabha ko Tamanraset sai ya cire layin gida ya sa na can, tunda shi ne ke da sauƙin kira. Layin gida ya shiga aljihun jaka, ko an bar shi a Madawa cikin talhon ƙane. Daga ranar saƙon banki ya daina iso shi. Ana iya cire kuɗi sau goma bai sani ba, sai ranar da ya ce a ba mai ɗakinsa na cefanen azumi a ce babu. Akwai kuma wata ɓaraka da ba kowa ya san da ita ba: layin da ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba, ba a yi kira da shi ba, kamfani yakan rufe shi, bayan wani lokaci ya sake sayar da lambar ga wani. Sabon mai lambar sai ya fara ganin saƙonnin bankin wani suna shigo masa. In mai tsoron Allah ne ya share, in ba haka ba ya samu hanya. Wasu ɓarayin ma ba sa jiran layi ya mutu: sukan je da takardun jabu, ko su haɗa baki da wani mai sayar da layi, a fitar musu da sabon sim a kan lambarka da sunan na farko ya ɓace.

Waɗanda aka koro daga Aljeriya sun fi kowa shiga wannan haɗari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum 30,000, ƴan Nijar da na wasu ƙasashe, da aka watso ta wajen Asamaka a shekarar 2024 kaɗai, kuma da yawa daga cikinsu sukan iso ba talho ba takardu. Duk wanda ɗan'uwansa ya faɗa cikin wannan hali, kafin a yi maganar kuɗin mota, a fara maganar rufe layin.

Sa'o'in farko

Kuɗin sata ba sa kwana wuri ɗaya. Suna fita daga asusunka za a raba su zuwa asusu uku ko huɗu, daga can a tura su cikin talho, daga talho a karɓe su tsaba wajen mai shagon cire kuɗi. Muddin suna cikin wani asusu ana iya daskarar da su. Da zarar sun zama takarda a aljihun wani, magana ta koma ta ƴan sanda da kotu, wato ta watanni ko shekaru. Kuma hanyoyin sai ƙara sauri suke: ranar 30 ga Satumba 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna da asusun talho a ƙasashe 8 masu amfani da sefa na yammacin Afirka. Alheri ne ga ɗan kasuwa, amma ɓarawo ma ya samu doki.

Wani misali daga nesa ya nuna abin da sauri ke yi. A watan Yuli 2024 wasu ƴan damfara suka yaudari wani kamfani a Singafo ya tura dalar Amurka miliyan 42.3 zuwa wani asusu a ƙasar Timor ta Gabas. Kamfanin ya gane bayan kwana 4, ya kai ƙara nan take, ƴan sandan ƙasar suka bi ta hanyar tsayar da kuɗi ta Interpol, cikin kwana 2 aka daskarar da miliyan 39, daga baya aka ƙwato ƙarin sama da miliyan 2. Ba wanda ke cewa za a tayar da Interpol saboda jika 500 na mai sayar da tabarma. Amma ƙa'idar ɗaya ce: an tarar da kuɗin ne tun ba su fita daga banki ba.

Saboda haka abin farko shi ne kira, ko da tsakar dare ne, ko ranar Lahadi. A bayan kowane katin banki akwai lambar kira. A ce a rufe katin, a tsayar da duk wata fita daga asusun. Dokar biyan kuɗi ta ƙasashen UEMOA ta shekarar 2002 ta ba mai kati damar hana biya idan katin ya ɓace, ko an sace shi, ko an yi amfani da shi ta hanyar zamba. A kira kamfanin talho shi ma a rufe layi. A rubuta ranar da aka yi kiran, da ƙarfe nawa, da sunan wanda ya amsa. Wannan ƴar takarda tana da daraja, domin abin da aka cire bayan ka sanar, da wuya banki ya iya ɗora maka shi.

Bayan kira sai rubutu. Banki ba ya aiki da "na faɗa wa yaron da ke ƙofa". A rubuta takardar koke, a faɗi lambar asusu, ranakun da aka cire kuɗin da adadinsu, a bayyana ƙarara cewa ba da izinin mai asusu aka yi ba, a nemi a mayar. A yi ta kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo da ita gida. A nemi takardar shige da fice ta asusun, wadda ke nuna inda aka cire kowane kuɗi. Nan ɗan bida ke da wata hujja mai ƙarfi da na gida ba shi da ita: idan takardar ta nuna an zo banki a Ƙonni an sa hannu an karɓi kuɗi ranar da hatimin kan iyaka ko tikitin mota ke nuna yana Abijan, to rabin shari'a ta ƙare. Kar a yar da tikiti, kar a goge saƙonni.

A shekarar 2020 hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasashen nan 8, mai mazauni a Abijan, ta wajabta wa bankuna su tanadi hanyar karɓar koken masu ajiya, su kuma ba da amsa cikin wata 1. Wanda ba a amsa masa ba, ko amsar ba ta gamsar da shi ba, yana da damar kai kokensa gaban hukumar. Ma'aikacin banki ya fi natsuwa ya saurare ka idan ya gane ka san da wannan.

Me ya sa banki ba zai faɗa maka sunan ɓarawon ba

Wannan yana ƙona ran mutane ƙwarai. Kana ganin lambar da aka tura kuɗinka, ma'aikaci yana ganin sunan mai ita a kwamfuta, amma ya ce ba zai faɗa ba. Ba lalle ne haɗin baki ba. Doka ta ɗora wa banki riƙe sirrin masu ajiya, kuma ba ya buɗe shi sai da takardar umarni daga masu bincike ko alƙali. Dalilin kai ƙara kwamisariya ko wajen jandarmomi, ko kai tsaye wajen mai shigar da ƙara na gwamnati, ke nan. Da wannan takarda ce ake tilasta wa banki, ko kamfanin talho, ko gidajen aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana su fito da sunan wanda ya karɓa da katin shaidar da ya nuna. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 3 ga Yuli 2019, kuma hukumar ƴan sandan bincike a Yamai tana da sashe na musamman kan irin wannan aiki.

To wa zai yi wannan zirga-zirga alhali mai kuɗin yana Tarabulus? Wakili, mai takardar wakilci da hukuma ta buga wa hatimi. Wanda ke waje yana iya yin ta a ofishin jakadancin Nijar, kamar na Abijan ko Akara, ko ƙaramin ofishin da ke Kano, Jidda ko Tamanraset. Sai dai mu faɗi gaskiya: mai aikin gini da ke ɓoye a wani lungu na Aljeriya ba takardar zama, ba zai yi tafiyar kwana biyu neman hatimi ba. Takardar nan tun a gida ya kamata a yi ta, kafin a hau mota, a kuma kai ta banki su san da ita. Ana iya taƙaita ta: wakili ya kai koke ya karɓi takardu, amma ba shi da ikon cire ko dala.

Wa zai ɗauki asarar?

Nan ne ƙofar da kuɗin suka bi ke da muhimmanci. A shari'a banki mai riƙon amana ne: abin da ka ba shi, kai zai mayar wa, ko wanda ka wakilta. Idan ya biya wani a kan sa hannu na jabu, ko wani ma'aikacinsa ya yi hannu, ko aka fasa na'urorinsa, asarar tasa ce, sai fa in ya nuna cewa sakaci daga wajenka ya fito. Kuma bankuna ma ana fasa su. A watan Nuwamba 2022 kamfanin bincike na Group-IB ya fallasa wani gungu mai magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER, wanda tsakanin 2018 da 2022 ya kai hari sama da 30 a kan bankuna da kamfanonin talho, ya kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11, wato sama da miliyar 6 na sefa. Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa. Sukan tura kuɗin zuwa ɗaruruwan asusu na mutanen da suka ɗauka haya, a cire su a na'ura, galibi a ƙarshen mako ko ranar hutu. A 2023 aka kama wanda ake zargin yana cikin manyansu a Kodebuwa. Duk wanda aka ce ya ba da aron asusunsa ko layinsa "kuɗi za su wuce kawai a ba ka na goro", ya san irin aikin da ake sa shi.

Amma idan kai ka karanta wa wani lambar sirri a talho, saboda ya ce daga banki yake ko ka ci wata kyauta, banki zai ce kai ka buɗe ƙofa, kuma da wuya a yi nasara a kansa. Abin da ya rage shi ne a yi sauri a daskarar da abin da bai fita ba, a bi ɓarawon.

Sai ƙofa ta uku, wadda ba a son faɗa a bainar jama'a alhali kowa ya san ta: na gida. An bar kati da lambarsa a hannun ƙane ko ɗan wa, don ya riƙa cire wa tsohuwa na magani. Ya fara da rance, da niyyar zai mayar in ya sayar da albasa. Albasa ta faɗi, rance ya zama rami. Nan banki ba ruwansa ko kaɗan, domin da katinka da lambarka aka cire. Doka ta san wannan laifi da sunan cin amana, ana kuma ɗaure mutum a kansa. Sai dai wane ne zai kai ɗan uwarsa gidan kaso ya dawo ya zauna lafiya da tsohuwa? Yawanci a zaure ake ƙarewa. A ganina babu aibu a sulhu, aibin yana ga sulhun fatar baki. Dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rigima su kuma rubuta takardar sulhu. A rubuta adadin, da lokacin biya, da abin da aka jingina, gona ce ko dabba, shaidu su sa hannu. In ba haka ba, baɗi war haka sai ka ji ana cewa ai kyauta ce aka yi.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan'uwa da ake bar wa talho a gida, ku ne masu gadin ajiyar ko ba a faɗa muku ba. Kar a ba yaro talhon ya kai caji kasuwa da layin a ciki. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo yanzu, ko ya ambaci sunan maigida da garin da yake, a kashe kiran. Banki ba ya tambayar lambar sirri.

Masu ajiya a naira

Ƴan kasuwarmu da yawa da ke hulɗa da Illela, Sakkwato da Kano suna da asusu a Nijeriya, a banki ko a OPay, Moniepoint da PalmPay. Can ma ɓarnar ba kaɗan ba ce: alƙaluman hukumar NIBSS da ke haɗa hada-hadar bankunan ƙasar sun nuna an yi asarar sama da naira miliyar 52 ta hanyar zamba a 2024, alhali a 2023 ba ta kai miliyar 18 ba. Tsarinsu shi ne ka fara kai koke bankinka. Idan aka yi mako 2 ba a warware ba, ka kai sashen kare haƙƙin masu ajiya na babban bankin CBN. Bankinka yana iya neman bankin da kuɗin suka shiga ya daskarar da asusun, amma mayar da su sau da yawa sai da umarnin kotu. Lambar BVN da aka fara a 2014 tana taimakawa wajen gano mai asusun da ya karɓa.

Tarkon da ke kama namu a can daban ne. Wanda ba shi da takardun Nijeriya yakan buɗe asusu da sunan maigidansa na kasuwa ko wani aboki, da BVN ɗinsa. A idon doka kuɗin na mai sunan ne. In an sace, shi kaɗai ke da bakin koke. In shi ya ci, ba ka da takardar da za ka nuna. In ya rasu, sai ka tsaya gaban magadansa kana rantsuwa. Wanda ba shi da mafita sai wannan hanya, aƙalla kar ya bar uwar kuɗi ta kwana a ciki.

Akwai kuma masu cin gawa. Da zarar labari ya bazu cewa an yi wa wane sata, sai a samu mai kira ya ce shi ƙwararre ne a kwamfuta, ko yana da mutum a cikin banki, a turo jika 50 na aiki zai dawo da kuɗin cikin kwana 3. Kai koke banki kyauta ne, kuma babu wani mai zaman kansa da ke da ikon juyo da kuɗi daga asusun wani.

Dattawanmu da suka ga rushewar bankin BDRN a 1990, da ƴan kasuwar da suka sha layi a ƙofar bankuna lokacin takunkumin CEDEAO daga Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, suna da dalilinsu na ɗari-ɗari da banki. Yanzu akwai asusun lamuni na ƙasashen sefa da ke biyan mai ajiya har miliyan 1 da jika 400 idan banki ya durƙushe, da jika 300 idan ƙaramar ma'ajiya ce. Amma a lura, wannan na durƙushewar banki ne, bai shafi sata ba.

Wani lokaci kuma ba satar ba ce sam. Mutum ya yi shekaru a Gabon ko Makka, ya dawo a ce masa asusunsa babu komai. Kafin a zargi kowa a nemi takardar shige da fice tun daga ranar ƙarshe da ya taɓa asusun: kuɗin kula da asusu da ake yanka lokaci-lokaci suna iya cinye ƙaramar ajiya. Idan kuma asusu ya kai shekara 10 ba motsi, kuma banki ya nemi mai shi bai same shi ba, doka ta ce a miƙa abin da ke ciki ga BCEAO ya riƙe. Mai shi, ko magadansa idan ya rasu, suna iya zuwa da katin shaida da takardun gado su nemi a ba su.